Kwangilar Magani a Lokacin Annoba: Gaggawa Ba Ta Hana Lissafi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Ɗambatta, ko kuwa wadda ta ratsa Dawanau ta wuce Bichi da Tsanyawa, ya san irin ƙasar da nake so in yi magana a kanta. Ƙasa ce wadda matafiyi ba ya ganin daji a cikinta. Gona tana jikin gona, gida yana hangen gida, ba abin da ya raba su sai 'yar iyaka da ɗorawa ko kuka ko gawo. Tun kaka da kakanni ake noma waɗannan gonaki kowace shekara ba hutu, abin da ke riƙe da su kuwa shi ne takin dabbobin gida da wanda ake ɗaukowa daga birni. Da yake kuma kowane ƙarni sai an sake raba gado, yau magidanci mai iyali goma yakan dogara ne da 'yar gonar da gero da dawa da waken da take bayarwa da ƙyar suke kai shi wata damina.

Na fara da wannan bayani ne don mai karatu ya gane abu biyu game da annoba a irin wannan wuri. Inda mutane suka yi yawa haka, suna shan rijiya ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, suna haɗuwa wajen suna da jana'iza, cuta ba ta da wuyar yaɗuwa. Sa'an nan kuma idan ta zo ba ta tarar da wani tanadi a gidan manomi. Abin da ke tsakaninsa da halaka shi ne ɗan ƙaramin asibitin nan na sha-ka-tafi da ke mazaɓarsu, da abin da ke cikin sitonsa. In da magani a sito, to, da sauƙi. In babu, sai malamin asibiti ya yagi takarda ya rubuta, ya ce a tafi kemis.

Na ga haka da idona a ƙauyenmu, wata damina da amai da gudawa suka shigo. Wani maƙwabcinmu ya kai 'ya'yansa biyu asibitin da ke kusa da mu, aka ce ruwan da za a ƙara musu sai ya saya a waje. Ya sayar da akuyar matarsa a ranar, kashegari kuma ya jinginar da rabin gonarsa. Yaran sun tashi, alhamdu lillahi, amma gonar ba ta dawo hannunsa ba sai bayan kaka uku. A cikin makon nan kuwa muna ji a rediyo ana ta faɗin kuɗin da aka ware don yaƙi da cutar. Ban ce ga wanda ya ci ba, domin ban gani ba. Abin da na gani shi ne, tsakanin abin da rediyo ta faɗa da abin da sito ya ƙunsa akwai rami, kuma duk ƙauyen ba wanda ya san ƙofar da zai buga ya tambaya.

To, wannan rami shi ne batuna. Ra'ayina a kai kuwa ba mai tsawo ba ne: annoba tana halatta wa hukuma ta yi sauri, amma ba ta halatta mata ta yi ɓoyo ba, ba ta kuma yafe mata lissafi bayan ƙura ta lafa ba. Mu a nan mun karɓi rabin farko na maganar, mun yar da na biyu.

Abin ba yau ya fara ba. A shekarar 1995, sa'ad da sanƙarau ya addabi Jamhuriyar Nijar, an aika da allurar rigakafi daga Nijeriya a matsayin gudummawa. Ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ne suka lura maganin ba ya narkewa yadda ya kamata, da aka bincika sai aka tarar jabu ne, an dai liƙa masa sunan manyan kamfanonin Turai. Kafin a farga an yi wa mutum fiye da 50,000 wannan allura. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani: wani ne ya sayo ta, wani ya sa hannu aka biya, wani ya karɓa ya ce ta cika. Kowane ɗayansu yana da suna.

Shekara na zagayowa, watau 1996, sai sanƙarau ya sauka a Arewacin Nijeriya, ya kama mutum sama da 100,000, ya kashe fiye da 11,000, Kano kuwa tana cikin wuraren da abin ya fi muni. A cikin wannan ruɗani ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Wannan ba maganar kwangila ba ce kai tsaye, na sani, amma akwai abu ɗaya a cikinta da ya shafe mu: takardar amincewa da gwajin da aka nuna daga baya, an gano cewa bayan an gama aikin aka rubuta ta, aka mai da kwanan watanta baya. Haka ake yi a lokacin annoba, a yi aiki tukuna, takarda ta biyo sawu. Kamfanin bai amsa laifi ba, sai a 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan Dala miliyan 75, iyaye na farko kuma ba su karɓi diyya ba sai 2011. Shekara goma sha biyar ke nan. Yaron da aka yi wa gwaji yana goye, in ya rayu, ya isa riƙe garma kafin a ce masa ga hakkinka.

Yanzu bari mu duba abin da doka ta ce, domin mutane da yawa suna zaton da an ambaci gaggawa, shi ke nan doka ta tafi hutu. Ba haka ba ne. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta Tarayya ta 2007 ta sa asali shi ne a yi tallar kwangila a fili, kowa ya kawo farashinsa, a zaɓi wanda ya fi dacewa. Sashe na 43 ya buɗe ƙofa cewa idan bala'i ya auku ko yaƙi ko wata masifa daga Allah, hukuma tana iya tafiya kai tsaye wurin ɗan kwangila ɗaya ba tare da gasa ba. Amma sashen bai tsaya nan ba. Ya ce a yi hanzarin tare da kiyaye amana, sa'an nan da zarar halin gaggawar ya wuce, tilas hukumar da ta yi sayayya ta kai cikakken rahoto ga hukumar da ke sa ido kan kwangiloli, ita kuma ta tantance. Sashe na 58 kuwa ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara, da kora daga aiki, ga ma'aikacin da ya karya dokar. Kamfani kuma a hana shi kwangilar gwamnati aƙalla shekara 5, a ci shi tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin kwangilar. Wannan doka ta Tarayya ce, amma Jihar Kano ma ta yi tata a 2021. Ashe ba rashin doka ke damunmu ba.

Shekarar 2020 ta gwada mu. An tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Kano ran 11 ga Afrilu, kafin wata ya ƙare masu haƙa kabari a birni sun gaji. Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya faɗa a watan Yuni cewa mutum 979 suka rasu a cikin 'yan makonnin nan a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce sanadinsu. Lura da kyau, na birni kaɗai aka ƙirga. An rufe kasuwanni, an hana zirga-zirga, manomin Kunci da na Makoɗa ya rasa inda zai kai ɗan abin da yake sayarwa, ga damina ta ƙarato. Gwamnan lokacin, Dokta Abdullahi Umar Ganduje, ya nemi Naira biliyan 15 daga Tarayya, attajirai da bankuna suka ba da gudummawa, aka buɗe wuraren killace marasa lafiya, aka sayi kayan abinci don rabo. A watan Mayu Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jiha ta kama shugaban Ƙaramar Hukumar Kumbotso bisa zargin karkatar da tallafin zuwa ga waɗanda ba su aka nufa ba. Kumbotso tana gefen birni ne, inda 'yan jarida suke, inda mai ƙorafi zai hau a-daidaita-sahu ya isa ofishin hukuma cikin rabin sa'a. Wanda aka yi wa irin wannan a wani lungu na Tsanyawa fa, wa zai ji kukansa?

Misalin da ya fi kusa da ƙasar da na fara kwatantawa shi ne na watan Agusta 2024, tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake cika asibitocin karkara, kuma jama'a ba su gama farfaɗowa daga mashaƙon da ya yi ɓarna a Kano a 2023 ba. Wani mai fallasa, Bello Galadanci, wanda aka fi sani da Ɗan Bello, ya fito da zargin cewa an umarci ƙananan hukumomi 44 na jihar kowacce ta biya wani kamfani ɗaya, Novomed, abin da ya kai Naira miliyan 9 zuwa 10 don kawo magunguna, jimla fiye da miliyan 400, kuma mai kamfanin ɗan'uwa ne na jini ga jagoran jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya umarci hukumar yaƙi da cin hanci ta bincika. Hukumar ta gayyaci kantomomi da manyan ma'aikatan Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi da shugaban kamfanin, aka kuma riƙe Naira miliyan 160 a asusun kamfanin.

Zargi dai zargi ne, ba hukunci ba, ni kuwa ba alƙali ba ne. Amma akwai tambayoyin da ba sai alƙali ba ne zai yi su. Ƙananan hukumomi 44, daga Doguwa can kudu har Kunci can arewa, kowacce da yawan jama'arta da irin cututtukanta, ta yaya bukatarsu ta magani za ta zo daidai wa daida, kuɗi ɗaya, kamfani ɗaya? Jiha tana da hukumarta ta musamman mai saye da rarraba magunguna ga asibitocin gwamnati. Me ya sa ba a bi ta nan ba? Idan kuma har za a fitar da miliyoyi ɗari huɗu Gwamna bai sani ba, wannan ma abin tsoro ne mai zaman kansa. Daɗin daɗawa, waɗanda suka biya kuɗin kantomomi ne na riƙo, naɗa su aka yi, ba zaɓensu aka yi ba, wanda aka naɗa kuwa ba ya cewa a'a ga takardar da ta fito daga sama. Wata guda kacal kafin nan, ran 11 ga Yuli 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kuma a tuna, ba a ayyana wata annoba a lokacin wannan kwangila ba. In haka ƙofa take ranar da ba uzuri, yaya za ta kasance ranar da ake binne gawa ashirin kafin azahar, kowa yana cewa a yi sauri?

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha jinsa a zaure, har daga bakin dattawan da nake girmamawa. Za su ce, to, don mutum yana ɗan'uwan babba shi ke nan ba zai yi sana'a ba? Kuma a lokacin tsanani wa za ka kira in ba wanda ka sani ka yarda da shi ba? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. Mu mutane ne masu zumunci, wanda ya samu bai taimaki nasa ba ma zaginsa muke yi. Amma zumunci da dukiyarka ake yin sa. Kuɗin magani na ƙaramar hukuma ba na kantoma ba ne, ba na kwamishina ba ne, na matar nan ne da ta goyo ɗanta ta yi tafiyar mil uku a ƙasa. Wanda ya ɗauki nata ya kyautata wa nasa, sunan abin da ya yi ba zumunci ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin miyagun al'adun da ya zo gyarawa. Saboda haka kada wani ya ce mana wannan ƙyama baƙuwa ce Turawa suka kawo.

Bayan haka, illar ba ɗan gida kwangila ba ta tsaya ga tsadar farashi ba. Babbar illar tana wajen karɓar kaya. Idan baƙo ne ya kawo kwali tamanin maimakon ɗari, ko ya kawo maganin da ya kusa lalacewa, ma'ajin sito zai iya ƙin sa hannu. Idan kuwa kayan na mai uwa a gindin murhu ne, ƙaramin ma'aikaci ya san ƙin sa hannu yana nufin canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da mota ba ta zuwa. Sai ya sa hannu, mai binciken kuɗi ya zo ya tarar takarda ta cika, a rufe fayil. Takarda ta cika, sito wayam. In ɗan'uwan babba yana son ya shiga, to, a bayyana dangantakar a rubuce tun farko, babban ya janye hannunsa daga zaɓe, a kuma buga farashinsa kusa da na sauran. Mai gaskiya ba abin da zai rasa a nan.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwo. A Ingila, lokacin korona, gwamnati ta buɗe wata hanyar alfarma inda kamfanonin da ministoci da 'yan majalisa suka gabatar ake duba su kafin na kowa, a Janairun 2022 kuwa babbar kotu ta ce hanyar ta saɓa wa doka. A Oktoban 2025 kotu ta umarci kamfanin PPE Medpro, mai alaƙa da wata 'yar Majalisar Dattawansu, ya mai da Fam miliyan 122 saboda rigunan asibitin da ya kawo ba su cika sharaɗi ba. A Afirka ta Kudu Ministan Lafiya Zweli Mkhize ya sauka daga muƙaminsa a Agustan 2021 kan kwangilar da aka ba makusantansa. Hali ɗaya ne da namu. Bambancin shi ne can magana takan kai inda za a ce ga hukunci, ga takardarsa, kowa ya karanta.

A nan kuwa bincikenmu kamar wutar kara yake. Ranar farko a yi kame, a kira 'yan jarida, a ambaci miliyoyi; bayan wata biyu sai lauyoyi su shiga gardama kan wace kotu ce ke da hurumi, a ɗage zama, a sake ɗagewa, har wani sabon abin kunya ya fito a manta da na baya. Dalili ɗaya shi ne mai gadin yana hannun mai gida. Shugaban hukumar yaƙi da cin hanci ta jiha na lokacin, Muhuyi Magaji Rimingado, an dakatar da shi a Yulin 2021, bai koma kujerarsa ba sai da gwamnati ta sake a 2023. Ko mene ne gaskiyar abin da ya haɗa shi da gwamnatin wancan lokaci, duk wanda ya zauna a wannan kujera ya ga abin da ya faru, ya kuma fahimta. Ga kuma sashe na 308 na Tsarin Mulki, wanda ya kāre Gwamna da Mataimakinsa daga gurfana muddin suna kan mulki. Sakamakon haka shi ne kowace gwamnati ba ta tuhumar kowa da gaske sai wadda ta gada, talaka kuwa ya daina ɗaukar tuhuma a bakin komai, ya ce rigimar 'yan siyasa ce. Wannan asara ta fi ta kuɗin girma, domin ranar da aka kama ɓarawo na gaske ma ba wanda zai gaskata.

Saboda haka ni ban sa rai gyara zai fara daga ofisoshin Sakatariyar Audu Baƙo ba. Shaidar da ba a iya saya da sauƙi tana can ƙofar asibitin mazaɓa. Jihar Kano tana da mazaɓu 484. A ce duk sa'ad da aka biya kuɗin magani da sunan wata mazaɓa, a lokacin annoba ko ba a lokacinta ba, a liƙa takarda a ƙofar asibitinta, da Hausar boko da ajami, mai ɗauke da sunan kamfani da sunan masu shi, da irin magani, da yawan kwali, da farashi, da ranar da ya kamata ya iso. Kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai malamin asibiti da mai unguwa da wakiliyar mata sun ƙirga sun sa hannu a gaban jama'a. Wannan ba ya jinkirta komai, takarda ɗaya ce da ƙusa. Manomin da ya san yawan damin da gonarsa ke bayarwa, ya san mudu nawa ke cikin buhu, ba zai kasa ƙirga kwali ɗari ba. Da irin wannan takarda tana ƙofar asibitocin Bagwai da Minjibir da Makoɗa a 2024, da ba sai an jira wani ya yi fallasa a intanet ba.

Akwai kuma makamin da yake hannunmu tuni, ba mu ɗauka ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta wa hukuma ya nemi takardun yadda aka kashe kuɗin jama'a, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Jihohi sun daɗe suna fakewa da cewa dokar Tarayya ce ba ta hau kansu ba, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, wadda ita ma kan kuɗin kiwon lafiya aka yi ta. Abin da ya rage shi ne mutanen karkara su san da haka, kuma a nan ne aikin ya faɗo kanmu, mu da muke koyon fassara a wannan sashe. Sashe na 43 da na 58 da na ambata ba su fi 'yan shafuka ba, fassara su aikin mako ɗaya ne ga aji guda. Da yawanmu 'yan Ɗambatta ne da Bichi da Dawakin Tofa, za mu koma gida hutu. Kowa ya tafi da fassarar, da samfurin wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarsa, mai tambayar maganin da aka saya wa asibitin mazaɓarsa a bana, daga wa, a kan nawa. A kai wasiƙar hannu da hannu, a sa magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a riƙe. Doka ta ba hukuma kwana 7 ta ba da amsa.